Hoton Kunce a zauren babana, da tambayar da kawuna ya yi

Mushen Tarihi, Tawa

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina da tambaya, amma sai kun yi haƙuri na fara da labarin gidanmu, don daga can ta taso.

Ni malamin tarihi ne a wani kolej cikin garin Tawa. An haife ni a 1990, shekara uku bayan rasuwar Janar Saini Kunce, shugaban mulkin soja na Nijar, ke nan ban ga mulkinsa da idona ba. Amma da fuskarsa na tashi, domin hotonsa na rataye a zauren babana, sama da ƙusar da yake rataya carbi. Hoton ya koɗe, gilashinsa ya tsage ta gefe. Sau biyu ana sake yaɓen zauren, kuma kowane karo babana da hannunsa yake sauke shi, da hannunsa yake mayarwa.

Babana direban babbar mota ne har ƙarfinsa ya ƙare. A yunwar 1984 da 1985, wadda mutanenmu suka laƙaba wa El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da Janar Buhari ya yi, yana cikin masu jigilar dawar agaji daga Tawa zuwa Abalak da Cintabaraden da ƙauyukan Kaita. Labarin da ya fi maimaita mana shi ne na wani buhu da ya yage a hanya. Da suka tsaya suka ga dawa ta zube a bayan motar, shi da yaron motarsa suka durƙusa suna tsince ta da hannu, suka tara a rawaninsa, ya kai ta haka nan ya ajiye gaban mai karɓar kaya. Na taɓa tambayarsa ko tsoron Allah ne ya sa shi, ko tsoron hukuma. Ya ce duka biyun. Ya ce a lokacin shi ma mai karɓar kayan tsoro yake ji, na samansa ma haka, har a kai ga minista. Abin da babana yake kewa ke nan, zamanin da babba ma yake jin tsoro.

Sai kuma kawuna, wan mahaifiyata. Shi ma mushe ne, wato malamin makaranta, a firamare ya yi aikinsa. A 1983, wani dare bayan isha'i, wasu mutum biyu suka yi sallama a ƙofar gidansa suka ce ana son ganinsa na ɗan lokaci. Da riga ɗaya ya fita. Sai bayan wata 14 ya dawo. Ba a kai shi gaban alƙali ba, ba a ba shi takarda ko guda ba, ta shiga ko ta fita, kuma tun daga nan kunnensa na hagu bai ƙara ji ba. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci yana zuwa gidanmu su ci tuwo da babana, yau fiye da shekara 40. Sai da na girma na lura wurin zamansa ɗaya ne kullum: jikin bangon da hoton yake, inda idonsa ba zai kai gare shi ba.

Watan jiya aka yi sunan ɗiyata. Bayan an shafa fatiha an raba goro da dabino, hira ta koma kan mulki, kamar yadda take komawa a kowace fada tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Ƙanena, wanda ya gama jami'a shekara uku ke nan kuma har yau kabu-kabu yake yi, ya kawo tasa shawarar. Ya ce tunda farar hula su kaɗai sun kasa, soja su kaɗai kuma duniya ba ta barin su su sha ruwa, a raba mulkin gida biyu a rubuta cikin kundin tsarin mulki. Soja ya riƙe shugabancin ƙasa da tsaro da hukunta ɓarayin dukiyar jama'a, zaɓaɓɓun farar hula su riƙe lakwal, wato makarantu, da gidajen likita da noma da kasuwa. Babana ya ce ai haka Kunce ya yi, ministocinsa farar hula ne, shi kuwa yana tsaye a kansu da bulala. Kawu, wanda ban taɓa jin ya sa baki a irin wannan hira ba, ya ajiye kofin shayinsa ya ce, “To a cikinsu wa ke iya korar wa?” Ba wanda ya amsa. Ya sa takalmansa ya tafi, ko abinci bai jira ba.

Ni dai zuciyata rabe take, kuma ba zan ɓoye muku ba, ta fi karkata wajen ƙanena. Ajina na bana ɗalibai 94 ne cikin rumfar zana, rabinsu a ƙasa suke zama, in iska ta taso da ƙura sai mu tashi. Duk lokacin da na tuna alkawuran gina azuzuwa da na ji tun da na kama aiki, nakan ji ina son a sami mutum guda wanda za a ji tsoronsa. Amma in na zo koyar da juyin mulkin Kunce na 15 ga Afrilu 1974, dole na gaya wa yara cewa a daren ne aka kashe Hajiya Aisa matar shugaba Jori Hamani, kuma shi Jorin ya yi shekara shida tsare a Damagaram ba shari'a, kafin a maida shi ɗaurin talala a Yamai. Kwanaki wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, “Mushe, to shi Kunce mutumin kirki ne ko mugu?” Na ce mata za mu dawo kai. Har yau ba mu dawo ba.

Ku da kuka ga zamanin, don Allah ku gaya mini gaskiya. Ana iya samun riƙon amanar da babana yake kewa ba tare da abin da ya sami kawuna ba? Kuma wannan rabon mulki da ƙanena yake faɗa, akwai inda aka yi shi ya zauna?

Tsohon Malamin Gona, Kaita

Wa alaikumus salam ɗana mushe. Allah shi raya abin da anka samu, shi yi mata albarka. Jikana ne ke rubuta mini, ni idona ya yi rauni.

Na kama aiki a 1973, tsakiyar fari. Abin da na gani a wagga shekara ba ni son ko maƙiyina shi gan shi. Bisashe sun mutu har ungulu ta ƙoshi, Buzaye da Fulani sunka cika bakin garuruwa da ƙorai a hannu, alhali hatsin da duniya ta aiko muna ganin shi a kasuwa ana awo, da tambarin agaji a jikin buhu. Shi ya sa da soja sunka ɗauki mulki ba ka ganin mai kuka a ƙauyukanmu. Ba a daɗe ba motocinsu sunka fara shigowa da hatsi har inda mota ba ta saba zuwa ba. Kunce ya yi alkawarin ba wanda zai sake mutuwa da yunwa a Nijar. An mutu a 1984, ba ni cewa ba a mutu ba, amma duk wanda ya ga yunwar biyu ya san akwai bambanci. Rawanin babanka shaida ne.

Ku yaran yanzu ba ku san lanho ba. A da magidanci shina biyan kuɗin kansa da na iyalinsa da na bisashensa, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Na ga dattijo mai furfura an tsayar da shi a rana gaban ɗiyansa don ya kasa biya. Na ga waɗanda sunka bar gona sunka tsallaka Najeriya da dare saboda shi. Kunce ne ya sauke wa talaka wanga kaya, kuma talaka ba shi mantawa da irin wannan.

Hanyar da babanka ya bi zuwa Abalak, wadda ta tashi daga Tawa ta bi Agadas har Arlit, sama da kilomita 600, a zamaninsa anka shimfiɗa ta. Aikin ban-ruwa na Kwanni ma haka. A 1984 anka yi babban taro a Maradi kan yaƙi da hamada, anka tura kowa noman rani a bakin tabki da rijiya, kuma a shekarar ce aikin farfaɗo da ƙasa na Kaita ya fara da kuɗin Italiya. Ina cikinsa tun daga farko. Mata sunka fi yawa, suna ɗaukar duwatsu a ka suna jerawa a kan fako, ana gina ramuka a jikin tudu ana dasa itace, ana biyan su da abinci. Ka zo Kaita in nuna maka inda akuya ba ta samun abin tsinka a da, yau ga inuwa. Tanja Mamadu ne ferefe, wato gwamnan jahar Tawa, a lokacin, daga 1981 har 1988, kuma in an ce manya za su zo ran Talata, ka shirya tun Lahadi, don ba a biro suke tsayawa ba, har gindin shuka suke takawa. Daga sama abin ya taso. Shi kansa Kunce shina fita da sassafe ba jiniya, shi shiga ma'aikata shi tarar da kujera ba mai ita, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya.

Amma tunda gaskiya ka nema, ga sauranta. Kuɗin uraniyom sun taimake shi ƙwarai. Ya tarar da ma'adinin Arlit shina aiki, na Akuta ya fara a 1978, farashi shina sama. Da farashin ya faɗi bayan 1980 ayyuka da yawa sunka tsaya, bashi ya hau kanmu, a 1983 dole anka je wurin asusun ba da lamuni na duniya, FMI. Sannan mun yi shiru, ɗana, shiru mai nauyi. Ko a ɗakinka da matarka ba ka ambaton gwamnati sai ka leƙa waje. Samariyar da munka yi ta gayya da ita, muna gina azuzuwa muna gyaran hanya, a cikinta akwai masu kai rahoto, kuma kowa ya sani. Na san wani malamin dabbobi da anka kora daga aiki kan zargin sata, daga baya ta bayyana ƙarya anka yi masa, ba wanda ya maida shi, ba kuma inda zai kai ƙara.

Ka gaishe mini da kawunka. Ba ni da bakin ba shi haƙuri, don ni na ci moriyar zamanin, shi kuwa ya biya kuɗinsa. Maganar ƙanenka na yarda da ita in za a sami soja irin Kunce, wanda ba mu ji ya tara wa kansa dukiya ba. Sai dai shekarata 75, irinsa guda na gani.

Hajiya, tsohuwar ma'aikaciyar kotu, Yamai

Ɗana, barka da arziki. Baba Malamin Gona, ina gaisuwa, kuma ban musa ko ɗaya cikin abin da ka lissafa ba. Ni shekara 31 na yi ina rubuta shari'a, shi ya sa tambayar kawunka ce ta tsaya mini a rai.

Mu fara da shi Kuncen. Gaskiya ne sannu a hankali ya cika gwamnatinsa da farar hula, har a Janairu 1983 ya ƙirƙiro kujerar firaminista ya ba Mamman Umaru, a Nuwamba ya sauya shi da Hamid Algabid. To wa ya naɗa su? Shi. Wa ke sauke su? Shi, da sanarwa ɗaya a rediyo. Majalisar dokoki an rusa ta tun ranar farko, jam'iyyu an hana, kundin tsarin mulki an jingine, jahohi kuma hafsoshi ke riƙe da su. Wanda ka ɗauka aiki kana iya sallamarsa gobe da safe, ai ba a ce kun raba gida ba. Ko abokan da suka yi juyin mulkin tare bai raba da su ba. Sani Suna Siddo, mataimakinsa a majalisar ƙoli ta soja, an kama shi a 1975, a tsare ya mutu a Agadas. Jibo Bakari da aka bari ya dawo daga gudun hijira, a wannan shekarar aka rufe shi. Waɗanda aka kama da yunƙurin juyin mulki na Maris 1976 an harbe wasunsu. Duk da wannan tsanani, mutumin da ya fi kowa kusa da shi, Bonkano, mai kula da masu leƙen asirinsa, shi ya nemi kifar da shi a Oktoba 1983 lokacin yana Faransa. Kundin ƙasa da aka daɗe ana jira sai Yuni 1987 aka kaɗa ƙuri'a a kansa, wata biyar kafin ya rasu a Paris ranar 10 ga Nuwamba. Shekara 13 da rabi ya yi, kuma tsoron da ɓarawo yake ji, tsoron idon mutum ɗaya ne. Da idon ya rufe, Baba ya fi ni sanin yadda abin ya koma.

Shawarar ƙanenka ba sabuwa ba ce. Azikiwe ya kawo ta a Najeriya tun 1972. Babangida ya gwada mai kama da ita, zaɓaɓɓun gwamnoni a ƙasa daga farkon 1992, shi janar a sama, ƙarshenta ya soke zaɓen 12 ga Yuni 1993. Ya bar wa Shonekan kujera, Abacha na riƙe da tsaro, bai cika wata uku ba Abacha ya sallame shi.

Sudan ce ta rubuta abin dalla-dalla a Agusta 2019, kuma na bi shi da kyakkyawan zato. Majalisar shugabanci mai mutum 11, soja biyar, farar hula biyar, da na sha ɗaya wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi. Soja ya ja ragama wata 21, sannan farar hula wata 18. Janar Burhan, wanda ya shugabanci majalisar, ya ci nasa rabon. Da lokacin miƙawa ya matso, ranar 25 ga Oktoba 2021 ya rusa majalisar ya tsare firaminista Hamdok. Bayan an kawar da farar hula, janar biyu da suka rage suka juya wa juna bindiga a Afrilu 2023, kuma ga abin da Sudan ta zama. Na Mali ya fi kusa da mu. An naɗa Bah Ndaw shugaban riƙo a Satumba 2020, Kanar Asimi Goita mataimaki. Ranar 24 ga Mayu 2021 aka yi garambawul aka cire kanar biyu daga ma'aikatun tsaro, kafin dare shugaban da firaministansa Moktar Wan suna barikin Kati. Ranar da farar hula ya gwada ikon da takarda ta ba shi, a ranar ya gane ba shi da shi. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abu ɗaya na fito da shi daga kotu. A laifi na yau da kullum doka ta ce awa 48 ake riƙe mutum wurin bincike, in za a ƙara sai da izinin mai gabatar da ƙara. Na ga ana take wannan doka a ƙarƙashin farar hula, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma na yi kuka a kai. Amma akwai ƙofar da uwa za ta je ta buga, akwai lauya, akwai gidan rediyon da za ta kai kukanta. Matar kawunka a 1983, wace ƙofa za ta buga?

Ɗan Fada, Yamai

Hajiya, da girmamawa, kin lissafa na masu kaki, ba ki lissafa na masu babbar riga ba. Bayan taron ƙasa na 1991 ai an ba su ƙasar gaba ɗaya. Shugaba Mahaman Usman da firaminista Hama Amadu dukansu farar hula ne, amma a 1995 suka kasa zama tebur ɗaya har taron ministoci ya gagara, ma'aikata na bin bashin albashin watanni, makarantu a rufe. Su suka buɗe wa Ba'are ƙofar juyin mulki ranar 27 ga Janairu 1996. Tazarce a 2009 kuma zaɓaɓɓen shugaba ne, Tanja, ya yi shi, ya rusa majalisa, ya rusa kotun tsarin mulki. Ni cikin dimokuraɗiyya na tashi, kuma ƙofar nan da kike faɗa mun buga ta, mun ga wanda ake buɗe wa. Abokaina biyu da muke shan shayi tare sun shiga soja, dukansu sun kwanta dama a jahar Tillaberi, ɗayan ko gawarsa uwarsa ba ta gani ba. Mutumin da ke ba da jininsa, me zai hana a ba shi kujera a inda ake yanke shawarar ƙasa? Yaya mushe, ka gaya wa ƙanenka ba shi kaɗai ba ne.

Tsohon Soja, Tawa

Ɗana na Yamai, Allah ya jiƙan abokanka, ya ba iyayensu haƙuri. Na yi shekara 28 cikin kaki, ban yi babban muƙami ba, kuma zan gaya maka abin da ba a faɗa a fada: ba abin da ke lalata soja kamar mulki.

Ranar da aka rubuta cewa kujera kaza ta soja ce har abada, daga ranar yaron da ke shiga makarantar hafsoshi ba yaƙi zai sa a gaba ba. Na gani da idona. Abokan karatu biyu, ɗaya an ba shi ferefe ko darakta ya yi gida da mota, ɗayan yana Dirku ko Madama cikin rairayi yana jiran motar ruwa. In sun haɗu gaisuwa ce a baki, abin da ke ciki kuwa Allah kaɗai ya sani. Daga nan ƙulle-ƙulle ke farawa, kuma mu ƙanana mu ake tashi da tsakar dare a ce mu hau mota ba mu san inda za mu ba. Ba'are ba farar hula suka kashe shi ba. Masu tsaron lafiyarsa ne suka harbe shi a filin jirgin Yamai ranar 9 ga Afrilu 1999.

Waɗanda nake ganin girmansu cikin manyanmu su ne waɗanda suka san hanyar fita. Ali Shaibu, magajin Kunce, a zamaninsa aka harbi ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, wannan ba ya gogewa, amma ya yarda aka yi taron ƙasa, ya tsaya gaban jama'a ana yi masa tambayoyi, a 1993 ya miƙa ya koma gida. Dauda Malam Wanke cikin wata tara ya shirya zaɓe ya ba Tanja a Disamba 1999, ko da yake jinin Ba'are an rufe shi da afuwa ba a yi shari'arsa ba. Salu Jibo ya karɓa ranar 18 ga Fabrairu 2010, bai tsaya takara ba, a Afrilu 2011 ya sauka.

A saurari soja kan sha'anin tsaro, wannan dole ne, kuma wanda bai taɓa kwana a daji ba bai kamata ya yanke shi kaɗai ba. A ba yara kayan aiki, a kula da zawarawa da marayun da suka bari, a hukunta duk wanda ya ci kuɗin makamai, ko babbar riga ce jikinsa ko kaki. Amma ka ba ni bindiga, ka ƙara mini da kujerar da ba mai iya sauke ni, wallahi ɗana ko ni ban amince wa kaina ba.

Mushen Tarihi, Tawa

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Daren Laraba na ɗauki wayata na je gidan kawu, na zauna ta gefen kunnensa na dama na karanta masa duk abin da kuka rubuta. Baba Malamin Gona, ya ce yana amsawa, kuma ya ce in gaya maka ba ka da laifin komai. Daga nan ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba.

Ya ce duk tambayoyin da aka yi masa a kan magana ɗaya ne, wadda ya yi a ɗakin malamai lokacin yajin ɗalibai na wannan shekarar. Cewa ya yi yaran da aka kwashe ɗiyan mutane ne, a sake su. Su bakwai ne a ɗakin. An maimaita masa maganar kalma da kalma, har da kujerar da yake zaune a kai. Har yau bai san wanda ya kai ba. Huɗu cikin shidan sun rasu, kuma ya je jana'izar kowannensu. Ya ce a kowace yana tsaye cikin sahu yana roƙa wa mamacin gafara, zuciyarsa kuwa tana tambaya ko shi ne. Ya ce wannan ya fi kunnen yi masa ciwo.

Sai ya ƙara da abin da ban taɓa ji ba a gidanmu. Duk wata 14 ɗin nan babana ne ke ciyar da iyalinsa. Buhun hatsi guda kowane wata daga albashinsa, da dare yake kai shi a amalanken jaki, ya bar motarsa nesa don kada a gane. Amma ko sau ɗaya bai je ya tambayi inda aka kai surukinsa ba. Da na koma gida na tambaye shi. Ya daɗe yana jan carbi bai ce komai ba, sannan ya ce, “Ina za ni in tambaya? Kuma in na tambaya anka riƙe ni, wa zai kai musu hatsin?”

Ban daina son a sami wanda ɓarawo zai ji tsoro ba, don jibi ma cikin rumfar zana zan shiga. Amma na gaya wa ƙanena na janye daga shawararsa, tunda ni da shi mun kasa amsa tambayar kawu, kuma abin da Hajiya ta kawo na Sudan da Mali ya amsa ta. Bai yarda ba. Ya ce maganar Ɗan Fada ita ce tasa, kuma in nuna masa farar hular da zai gina mini aji. Ban da wanda zan nuna masa yanzu. Jiya Juma'a kawu ya zo kamar kullum ya zauna wurinsa jikin bango, ƙanen nawa ne ya tashi ya zuba masa ruwan wanke hannu.

Ran Litinin zan koma kan tambayar ɗalibar nan. Na nemi izinin kawu in ba yara labarinsa ba tare da suna ba, ya yarda, da sharaɗin in ba su na buhun dawar ma, don ya ce shi ma gaskiya ne kuma mutanen Abalak sun ci. Hajiya, roƙona gare ki, ki rubuto mini bayanin awa 48 ɗin nan da Hausa mai sauƙi, yadda ɗan shekara 15 zai gane: wa ke ba da izinin ƙari, kuma in an wuce lokacin, iyaye wurin wa za su fara zuwa. Ina son in rubuta shi a allo kafin su shigo.